Yadda ƙananan hukumomin Amurka ke neman tallafin tarayya don yaƙi da shaye-shaye

A ranar 15 ga watan Agustan 2016, aƙalla mutum 26 ne suka yanke jiki suka faɗi cikin 'yan sa'o'i a birnin Huntington da ke jihar West Virginia ta Amurka, bayan sun sha ƙwayar da ta fi ƙarfin jikinsu. Mazauna birnin ba su kai 50,000 ba, kuma motocin ɗaukar marasa lafiya da na 'yan kwana-kwana sun yini suna kai-kawo tsakanin unguwanni da asibiti.

Abin da ya faru ran nan ya fito da wata matsala da ƙananan hukumomin Amurka suka daɗe suna kuka a kanta. Annobar shaye-shaye a ƙofarsu take sauka, su ke ɗaukar gawa, su ke tsare masu laifi, su ke neman inda za a ajiye yaran da iyayensu suka mutu, amma kuɗin da zai iya tunkarar matsalar yana can Washington. Hanyar da kuɗin ke bi ya iso gare su ita ce tallafin gwamnatin tarayya, wanda ba a samunsa sai an nema, an kuma yi takara.

Asalin annobar

Ƙwayoyin da ake magana a kansu su ne waɗanda likitoci ke kira opiyod, wato dangin magungunan kashe raɗaɗi masu sa maye, waɗanda kodin da tiramadol da aka sani a Najeriya ke cikinsu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kasa annobar zuwa zango uku. Na farko ya faro ne a shekarun 1990, lokacin da likitoci suka riƙa rubuta waɗannan magunguna barkatai, musamman bayan kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996. Na biyu ya zo a 2010, inda waɗanda suka riga suka kamu suka koma ga heroyin saboda ta fi araha. Na uku ya soma a 2013 da shigowar fentanil, wadda ta ninka heroyin ƙarfi har sau 50.

A 2017 mutum kusan 70,000 ne suka mutu a Amurka sakamakon shan ƙwaya fiye da kima. Adadin ya haura 100,000 a 2021, ya kuma tsaya a sama da haka har 2023, kafin ya sauko zuwa kimanin 80,000 a 2024.

West Virginia, jihar masu haƙar kwal da talauci ya yi wa katutu, ta shafe shekaru tana kan gaba a yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Binciken ɗan jarida Eric Eyre, wanda ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 2017, ya gano cewa dillalan magunguna sun shigar da ƙwaya miliyan 780 cikin jihar a shekara shida. Wani ƙauye mai suna Kermit, mai mutum ƙasa da 400, ya karɓi kusan miliyan tara cikin shekara biyu ta hannun kantin magani guda.

Me ya sa ƙaramar hukuma ba ta iya ɗaukar nauyin?

A tsarin Amurka, gunduma ita ce kwatankwacin ƙaramar hukuma, kuma ƙasar na da sama da 3,000. Akasin yadda ake yi a Najeriya, babu wani asusun tarayya da ake raba musu kaso daga cikinsa duk wata. Mafi yawan kuɗin da suke tarawa da kansu daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, sai kuma abin da jiha ta ba su.

A nan gizo ke saƙar. Garin da shaye-shaye ya yi wa illa, jama'a kan ƙaurace masa, darajar gidaje ta faɗi, haraji ya ragu, a daidai lokacin da kuɗin gidan yari da na motar asibiti da na binciken gawa ke ƙaruwa. Wato gundumar da ta fi buƙatar kuɗi ita ce ta fi rashinsa.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

A 2016 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokoki biyu da suka buɗe taskar tarayya. Ta farko, wadda ake kira CARA, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu a watan Yuli. Ta biyu, a watan Disamba, ta ware dala biliyan ɗaya da za a raba wa jihohi cikin shekara biyu. A watan Oktoban 2017 gwamnatin Donald Trump ta ayyana annobar a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Kuɗin kan bi hanya biyu. Kaso mafi tsoka yana zuwa jihohi ne ta hannun SAMHSA, hukumar da ke kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda a 'yan shekarun nan ke raba kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a shekara a ƙarƙashin shirinta na yaƙi da opiyod. Daga nan jiha ce ke yanke wa zai samu.

Hanya ta biyu ita ce wadda gunduma ko birni ke nema kai-tsaye. Ma'aikatar Shari'a na da shiri da ke tallafa wa 'yan sanda da kotuna da gidajen yari su haɗa kai da masu jinya. Hukumar HRSA na da wani na yankunan karkara, wanda a baya ya riƙa ba da har dala miliyan ɗaya a shekara uku. Akwai kuma shirin kare matasa da aka kafa tun 1997, wanda ke ba da har dala 125,000 a shekara na tsawon shekara biyar, bisa sharaɗin al'umma ta kawo kwatankwacin abin da aka ba ta, ta kuma kafa kwamiti mai wakilai daga ɓangarori 12, ciki har da iyaye, matasa, makarantu, 'yan kasuwa, malaman addini, jami'an tsaro da 'yan jarida.

Yadda ake nema

Hukumar tarayya kan fitar da sanarwa a shafin intanet na Grants.gov, inda take bayyana adadin kuɗin, waɗanda suka cancanta, ranar rufewa da kuma makin da za a ba kowane sashe na takardar neman. Kafin gunduma ta shiga takara, sai ta yi rajista a kundin gwamnati ta karɓi lambar shaida. A gida kuma, galibi sai majalisar gundumar ta amince a zaman da jama'a ke halarta.

Takardar kanta ba wasiƙar roƙo ba ce. Ana buƙatar alƙaluma: mutum nawa suka mutu, sau nawa aka kira motar asibiti, gadaje nawa ake da su na jinya, nawa suka rage a samar. Sai bayanin abin da za a yi wata bayan wata, da kasafin da ya fayyace inda kowace dala za ta tafi, da takardun yarjejeniya da asibitoci da 'yan sanda, da kuma ma'aunin da za a gane ko an yi nasara. Ƙwararru daga waje ne ke karantawa su ba da maki.

Samun tallafin ma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sau da yawa gunduma ce ke fara kashe kuɗinta, sannan ta gabatar da shaida a mayar mata. Dole ta riƙa aika rahoto a kan lokaci, kuma duk hukumar da ta kashe kuɗin tarayya da ya kai dala miliyan ɗaya a shekara sai an yi mata binciken kuɗi na musamman. Haka nan an hana amfani da tallafin wajen maye gurbin kuɗin da gundumar ta saba kashewa. Ƙari ne a kan ƙoƙarinta.

Abin da Huntington ta yi

Tun a 2014 magajin garin Huntington na lokacin, Steve Williams, ya kafa ofishi na musamman kan manufofin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya himmatu wajen tattara alƙaluma daga 'yan sanda da asibitoci da masu aikin ceto. Saboda haka lokacin da ƙofar tallafi ta buɗe, birnin na da hujja a hannu.

Da kuɗin tarayya, a watan Disamban 2017 aka ƙaddamar da tawagar kai ɗauki, bisa koyi da wani gari mai suna Colerain a jihar Ohio. Tawagar ta ƙunshi ma'aikacin lafiya, ɗan sanda cikin farin kaya, mai ba da shawara kan jinya da kuma malamin addini. Aikinta shi ne ta ziyarci duk wanda aka ceto daga mutuwar ƙwaya cikin sa'o'i 72, ta yi masa tayin jinya ba tare da barazanar kamu ba. Hikimar ita ce, wanda ya leƙa kabari ya dawo ya fi saurin sauraro a kwanakin farko.

An kuma wadata masu aikin ceto da iyalai da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda opiyod ta tsayar wa numfashi. Alƙaluman hukumar agajin gaggawa ta gundumar Cabell, inda birnin yake, sun nuna cewa kiran da ake yi saboda shan ƙwaya fiye da kima ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2017 da 2018. Ba tawagar kaɗai ta jawo hakan ba, domin a lokaci guda an buɗe cibiyoyin jinya an kuma tsananta farautar dillalai, amma wasu gundumomin jihar sun kwaikwayi tsarin.

Inda tsarin ke da rauni

Babban ƙorafi shi ne takarar ta fi fifita mai ƙwarewa a kan mai buƙata. Huntington na da Jami'ar Marshall da manyan asibitoci da za su taimaka da bincike da rubutu. Gundumar karkara mai ma'aikata ƙalilan ba ta da wanda zai bar aikinsa ya shafe makonni yana haɗa takarda mai shafuka masu yawa, don haka takan zura ido har wa'adi ya wuce.

Na biyu shi ne gajartar wa'adi. Tallafi kan ƙare cikin shekara uku zuwa biyar, alhali wanda ya kamu da ƙwaya kan yi shekaru yana tashi yana faɗuwa. Idan kuɗi ya yanke, ma'aikatan da aka horar sukan watse, amanar da aka ƙulla da masu shaye-shaye ta warware.

Na uku shi ne siyasa. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ta soke tallafin sama da dala biliyan 11 da aka bayar tun zamanin korona, har da wanda jihohi ke amfani da shi kan shaye-shaye, lamarin da ya sa jihohi da dama suka garzaya kotu. Duk wanda ya dogara da tukunyar wani, ranar da aka sauke ta da yunwa zai kwana.

Wannan ne ya sa ƙananan hukumomi suka nemi wata hanyar, wato ƙarar kamfanoni. Manyan dillalan magunguna uku da kamfanin Johnson & Johnson sun amince su biya dala biliyan 26, inda dillalan za su biya nasu kason cikin shekara 18. Huntington da Cabell sun zaɓi su yi tasu shari'ar, suna neman dala biliyan biyu da rabi bisa hujjar cewa an shigar da ƙwaya miliyan 81 yankinsu cikin shekara takwas. A watan Yulin 2022 alƙali ya ba kamfanonin gaskiya, su kuma suka ɗaukaka ƙara.

Abin da ya shafi Najeriya

Wannan dangin ƙwaya ba baƙo ba ne a Arewa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan opiyod irin su tiramadol suke sha ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun wannan shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Tsarin kuɗin ƙasashen biyu ya sha bamban. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 na da kaso 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai-tsaye. Ba sai sun yi takara ba kafin kuɗi ya zo, sai dai babu sharaɗin da ya tilasta musu ware wani abu don wannan matsala, duk da cewa kundin tsarin mulki ya ba su rawa a harkar kiwon lafiya.

Abin ɗauka daga Huntington shi ne tsarin aiki. Birnin ya fara ƙirga matsalarsa kafin ya miƙa hannu, ya zaunar da ɗan sanda da ma'aikacin lafiya da malamin addini a teburi ɗaya, ya kuma yarda a auna shi da sakamako. Shugaban ƙaramar hukumar da zai tunkari hukumar NDLEA, ko gwamnatin jiha, ko masu ba da agaji na ƙasashen waje, zai fi samun kunnen sauraro idan ya zo da adadin matasan da aka kai asibiti a mazaɓunsa, da sunayen cibiyoyin da za su karɓe su, da kuma bayanin wanda zai ci gaba da biyan ma'aikata bayan tallafin ya ƙare.