Tarihin Arewa Yana Ajiye A Jami'ar Ibadan

Mutanen Arewa da yawa mazauna Sabo da Ojo da Sasa suna wucewa ta ƙofar Jami'ar Ibadan kullum garin neman abinci, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a bayan wannan ƙofa akwai littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da na ƙanensa Abdullahin Gwandu, da na ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, rubutun hannu, ana adana da su fiye da shekara 60.

Asalin abin kuwa shi ne, lokacin da aka buɗe wannan makaranta a 1948 babu wata jami'a a Nijeriya sai ita. Wajen 1953 wani Bature ma'aikacin laburare mai suna Kensdale ya fara tattara rubuce-rubucen Larabci daga garuruwan Arewa, ya kuma buga jerin sunayensu tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka kafa wata cibiya ta musamman a jami'ar, ƙarƙashin Malam John Hunwick, don wannan aiki. Dabarar da suka bi mai sauƙi ce, watau su ari littafi daga hannun mai shi, su ɗauki hoton kowane shafi a ɗan siririn fim, sa'an nan su mayar masa da abinsa. Ta haka malami bai rabu da gadonsa ba, jami'a kuma ta sami abin da take nema.

Daga baya aikin ya bazu zuwa Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta shiga tattara takardun tarihi cikin shekarun 1960, kuma a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna.

To, mene ne amfanin tsohuwar wasiƙa? Amfaninta shi ne ba ta canza magana. Labarin baka yana ƙaruwa yana raguwa daga kaka zuwa jika, amma abin da aka rubuta aka buga wa hatimi yana nan yadda yake. Ga misali wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehun Barno Muhammadu Alkanemi da Muhammadu Bello a kan dalilan jihadi. Da Bello bai kwafe su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812 ba, da yau ba wanda zai san hujjar kowane ɓangare. Har wa yau, wasiƙun sarakuna da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari a Sakkwato a 1903 sun nuna halin da ƙasa take ciki gab da zuwan Nasara. Shi kuma Murray Last, ɗalibin Ibadan, a ɗakin karatun Waziri Junaidu ya zauna kafin ya fito da littafinsa na tarihin daular Sakkwato a 1967.

Kada a ɗauka sai takardar sarki ce kaɗai ke da daraja. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, baƙunci ya kai shi Salaga a ƙasar Gwanja, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Waƙoƙinsa da rubuce-rubucensa da Jami'ar Gana ta tattara a Legon suna cikin manyan madogaran masu binciken tarihin zango-zango na Hausawa. Haka nan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, ya bar takardu fiye da 3,000, amma yau wanda yake son ganinsu sai ya je Jami'ar Northwestern a Amurka.

Wannan shi ne abin da ya kamata mazauna Kudu su yi wa tunani. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, kuma a Agege da Shagamu da Abekuta akwai gidajen da suka yi shekaru aru-aru suna fataucin goro da shanu. A irin waɗannan gidaje ba a rasa adaka ko gafaka mai ɗauke da wasiƙun ajami, da lissafin bashi, da takardun naɗin sarauta, da littattafan kakanni. Ƙasar Kurmi kuwa ba ta raga wa takarda. Laima tana sa ta ruɓe, gara da kyankyaso suna cinye ta, gobara kuma ba ta sallama. Bugu da ƙari, littattafan da ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, idan magada suka raba su wajen rabon gado, to littafi ya mutu ke nan.

Saboda haka wanda Allah ya sa yana da irin waɗannan takardu, ya ɗaga su daga ƙasa, ya nisanta su da bango mai laima, kada ya liƙe yagaggen wuri da salatif, kada kuma ya sayar wa dillalin da bai san inda zai kai su ba. In da hali ya tuntuɓi laburaren jami'a mafi kusa da shi a ɗauki hotonsu, asalin ya zauna a hannunsa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.