Allurar Girma: Kallon Kitse Ake Wa Rogo

In kana son sanin abin da ke zuciyar samarin Sabon Gari, ka zauna a fadarsu bayan isha'i, lokacin da butar shayi ta hau gawayi. A irin wannan zama ne ɗan ƙanwata, wanda ba ya fashin atisayen kokowa kowace la'asar, ya miƙo mini waya. Hoton wani ƙato ne, ƙirji kamar ƙyauren zaure, damtse kamar turmi. Ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Wata allura suke yi, sinadarin girma. Da zan same ta, wallahi da bana takobi ya kwana Maraɗi."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Yakuba Ango Kantu ya ji ganga tana kiran sunan wani, ya san abin da ke sa yaro mafarkin ƙarin ƙarfi. Amma kafin mutum ya sayi rago sai ya taɓa gadon bayansa. Mu ma bari mu taɓa wannan allura mu ji ko nama ne ko iska.

Da farko dai, sinadarin nan ba baƙo ba ne. Yana jikina, yana jikinka. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka da ba ta wuce ƙwayar gujiya ba, ita ke haɗa shi ta zuba cikin jini. Kuma ba ta zuba shi yini guda kamar famfon da aka manta a buɗe. Wanda ya san gonakin rani na Jiratawa ya san yadda ake rabon ruwa: a buɗe hanya, ruwa ya kwarara cikin fangali, in ƙasa ta sha a toshe, a jira wani zagayen. Haka gujiyar nan take yi. Takan buɗe sosai in mutum ya yi nisa cikin barcin dare, ta ƙara buɗewa in ya yi aikin da ya sa shi gumi da haki. Sauran lokaci ɗan ɗigo ne kawai. Hikimar duk tana cikin buɗewa da rufewar nan, don shuka da ruwa ke kwana a gindinta kullum ruɓewa take yi.

Shi kansa sinadarin ɗan aike ne. Yana fita sai ya nufi hanta, kamar yaron da maigida ya tura madafa ya ce baƙi sun zo, a ɗora tukunya. Hanta ta dafa wani sinadarin da likitoci ke kira IGF-1, shi ne ake rarraba wa ƙashi da tsoka. Yaro ya yi tsawo, ƙashi ya yi ƙwari, kitse ya narke, ciwo ya warke. Shi ya sa idan gujiyar wani yaro ta gaza, sai a ga tsararsa sun wuce shi ya tsaya wuri ɗaya. Irin wannan yaro allurar magani ce gare shi, kamar takin da aka kai wa gonar da ta gaji. Lionel Messi yana cikinsu. Tun yana ƙaramin yaro a Rosario ta ƙasar Ajantina aka gano jikinsa ba ya yin sinadarin yadda ya kamata, ya shekara 13 ya koma Barcelona, ƙungiyar ta ɗauki nauyin maganinsa. Allurar ta cike masa giɓin tsawo. Ƙafar hagun nan da iya yanka, waɗannan baiwa ce da atisaye, babu kwalbar da ake sayar da su.

To ga inda ɗan ƙanwata bai gane ba. Ƙashin yaro kamar tukunya ce a hannun maginiya: muddin yumɓu yana ɗanye, tana iya ƙara mata wuya, ta ja ta sama. Amma da zarar an kai ta wuta an gasa, tsawonta ya ƙare. A ƙarshen balaga bakin ƙasusuwa kan rufe, tukunya ta gasu ke nan. Duk yumɓun da aka ƙara bayan nan sai dai ya manne a gefe: haɓa ta yi tsawo, goshi ya turo, hanci ya faɗaɗa, haƙora su rabu, yatsu su yi kauri har zobe ya ƙi shiga, takalmi ya matse. Akwai cutar da kan sa gujiyar ta yi ta zuba babu rufewa, kuma ita ce ta kama André, ƙaton ɗan kokowar Faransa, wanda ya haura mita 2 a tsawo. Jama'a sun yi ta biyan kuɗi don su kalle shi, amma bayansa da gwiwoyinsa sun sha wuya, kuma zuciyarsa ta gaza a 1993 yana ɗan shekara 46. Abin da cuta ta yi masa ba da sonsa ba, shi wasu ke saye da kuɗinsu.

Da can samun sinadarin wahala ne. Sai an ciro gujiyar daga kan mamata an tatse, kamar mai neman kwalbar man gyaɗa daga ƴan ƙwayoyi. Ga tsada, ga haɗari, don ta wannan hanya wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa ta shiga jikin wasu daga cikin yaran da aka yi wa magani. A Faransa kaɗai fiye da 100 suka rasu. A 1985 aka daina a Amurka, a shekarar kuma kamfanin Genentech na Amurka ya fito da na haɗi. Dabarar kamar ta mai nono ce da ke zuba ɗan tsohon kindirmo cikin madara ta rufe ƙwarya ta bar shi ya kwana: an koya wa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani yadda ake yin sinadarin, aka zuba su cikin manyan tukwane, suna hayayyafa suna yi. Yara marasa lafiya suka samu sauƙi. Amma inda aka yanka sa, ungulu ba ta rasa labari, sai ƴan wasa suka biyo ƙamshi.

Me ya ja su? Abu na farko, ganin ido. Kitsen ciki ya zube, jijiyoyi su fito, sikeli ya nuna ƙarin kilo. Na biyu, imanin cewa targaɗe da yagewar tsoka za su warke da wuri, a koma fage kafin gasa ta wuce. Na uku, wanda ya fi duka, wuyar kamawa. Hukumar wasannin Olamfik ta haramta shi tun 1989, amma shekaru suka shuɗe babu awon da zai nuna shi. In wani ya zo da dare ya juye tulun ruwa cikin rijiya, da safe wa zai ce ga ruwan tulu ga na rijiya? Har ta kai wasannin Atlanta na 1996 aka riƙa yi musu laƙabi da wasannin sinadarin girma. A 1998 ma jami'an kwastan ne, ba likitoci ba, suka kama kwalabe 13 a jakar wata ƴar ninƙaya ta ƙasar Sin a filin jirgin saman Sidni.

Daga baya masana suka samo kan zaren, kuma duk mai sayen wake a babbar kasuwar Maraɗi zai gane dabarar. Waken da ya fito daga gonar talaka gauraye yake: ga fari, ga ja, ga mai ɗige, ga ƙanana. In ka zura hannu cikin buhu ka ɗebo duk iri ɗaya, girma ɗaya, ka san an tsince shi. Sinadarin da jiki ke yi gauraye ne, na allura kuwa iri ɗaya ne tak, kuma in ya shiga sai gujiyar ta rufe nata bakin. Da wannan awon jini aka fara aiki a wasannin Olamfik na Atan a 2004. Sai dai sawun ba ya daɗewa, kamar sawun akuya a yashin Gulbi ranar iskar hunturu: kwana ɗaya ko biyu ya shafe. Sai a 2010 aka hukunta mutum na farko ta wannan hanya, Terry Newton, ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na Ingila, aka dakatar da shi shekara 2. Yanzu akwai awo na biyu da ba ya neman ɗan aiken, madafar yake leƙawa ya ga ko tuwon da hanta ta dafa ya wuce na gida ɗaya.

Saura babbar tambaya: yana ƙara ƙarfi kuwa? Mutanen Tibiri da suka iya kiwon ragon layya sun san ƙiba iri biyu ce. Akwai ragon da aka yi wata da watanni ana ba shi dusa da harawa da kowa, nama ya zauna a gadon baya da cinya. Akwai kuma wanda aka ɗura wa kanwa da gishiri daren kasuwa, ya kwana shan ruwa, da safe ya fito ciki tim. Baƙo ya ga girma ya yi ciniki, mahauci kuwa taɓawa ɗaya zai yi ya wuce. Masana sun yi irin taɓawar mahauci. A 2010 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Sidni kan mutum 96 masu motsa jiki, wasu aka yi musu allurar gaske mako 8, wasu ruwan gishiri, ba tare da sun san wanne aka ba su ba. Kitse ya ragu, nauyi ya ƙaru, amma mafi yawan ƙarin ruwa ne da ya taru a jiki. Ƙarfin ɗaga nauyi bai ƙaru ba, tsalle bai ƙaru ba, juriyar numfashi ba ta ƙaru ba. Abu ɗaya ya motsa: zafin tashi na ɗan lokaci, da kamar kashi 4 cikin 100. Ga mai tseren mita 100, wanda ƙiftawar ido ke raba na ɗaya da na ƙarshe, wannan abin kwaɗayi ne, shi ya sa haramcin ke da hujja. Amma mako 6 bayan an daina, ko wannan ɗin ya tafi.

Ka kawo wannan awo fagen kokowa ka gani. Kaye yana zuwa ne daga riƙo, da tsayuwar ƙafa a yashi, da sanin lokacin da abokin karawa ya saki numfashi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Allurar kuwa wurin riƙon take fara ɓarna: wuyan hannu ya kumbura, jijiya ta matse, yatsu su riƙa mutuwa, gaɓoɓi su yi ciwo. Ɗan kokowar da yatsunsa ba sa ji, da me zai kama? Sannan tana hana jiki sarrafa sukari, ta buɗe wa ciwon sukari ƙofa. Kuma taki ba ya tambayar wace ce shuka wace ce ciyawa. Abin da ya kumbura damtse shi ke kumbura kayan ciki da zuciya. Zuciya kamar wasaki ce, gugan fata: amfaninta laushi, ta buɗe ta ɗebo, ta matse ta zubar. In fatar ta yi kauri ta sandare, girmanta ya ƙaru amma ruwan da take fitarwa ya ragu. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Akwai kuma maganar kasuwarmu. Sinadarin nan ɗan gata ne kamar ɗanyar madara, sanyi yake so, cikin firij. Ka ƙiyasta kwalbar da ta kwana cikin mota a zafin bazarar Maraɗi, lokacin da awo ke haura 40, sannan ta yini a kan tire a rana. Ko da ta gaske ce ta lalace, balle jabu sun cika intanet. Wanda ya ce maka yana da shi na ƙwaya ko na garin sha, ka riƙe kuɗinka: sinadarin dangin nama ne, in ya shiga ciki narkewa zai yi kamar tsire. Mun riga mun ga irin wannan ciniki da ƙwayoyin sha-ka-fashe, fuska ta yi fam kamar alkaki ya sha zuma, jiki kuwa yana lalacewa daga ciki. Ƙara da allura ɗaya da samari uku za su yi karo-karo a kanta, ciwon hanta da ƙanjamau suna jira a bakinta.

Na ce wa ɗan ƙanwata, "Ɗana, lokacin da Kantu ya ɗauko takobin farko a Tawa a 1975, shekara 10 ke nan kafin a fara sayar da na haɗin nan. Abdul Razak Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016 a gasar da ake awon jini da fitsari. Kai kuma sinadarin da kake nema kana da rumbunsa a kanka, kyauta. Mabuɗinsa uku ne: atisayen da ya kai ka ga haki, abinci mai gina jiki, da barci mai nauyi. Fura da nono, wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kwaɗon zogalen Jiratawa, duk ga su a bakin ƙofa. Amma kai da ke kaiwa ƙarfe biyu na dare kana shayi na uku, ido a kan waya, daidai lokacin rabon ruwa kake toshe hanya da hannunka."

Ya dubi agogon wayarsa, sha ɗaya ta gota. Ana zuba shayi na biyu ya ce a ba na kusa da shi, ya ɗauki takalmansa ya ce, "Kawu, sai da safe. Gobe da asuba akwai gudu a yashin Gulbi."