Kara ba ta da kasuwa a gidan Bajamushe

Da na sanar a gida cewa na samu iyalin da za su karɓe ni a Jamus a tsarin au pair, gwaggona ta ƙare mini kallo ta ce, "Wato da digirinki za ki tafi aikatau gidan Turawa?" Ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba, don haka bari in fara da abin da takarda ta ce.

Tsari ne na matasa 'yan shekara 18 zuwa 26, mata da maza, ko da yake mata sun fi yawa. Za ki zauna wata 6 zuwa 12 a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 18, kina taimakawa da raino da ƙananan ayyukan gida, kada ya wuce awa 6 a rana ko awa 30 a mako. Su kuma za su ba ki ɗakinki ke kaɗai, ki ci abin da suke ci, su biya miki inshorar lafiya, su sa hannu a kuɗin makarantar koyon Jamusanci, sannan su miƙa miki Yuro 280 duk wata. Kuɗin kashewa ake kiransa, domin doka ba ta ɗauke shi albashi ba. Kuɗin jirgi kuwa galibi daga aljihunki zai fito. Kafin a buga miki biza sai kin nuna kin iya Jamusanci na matakin farko, A1, irin wanda ake jarrabawarsa a cibiyar Goethe da ke Legas.

Ni da takardar A1 ɗina na sauka a wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart a watan Nuwamba, ina ganin na iya yare. Kakar yaran ce ta fara sauke mini girman kai. Ta riƙe hannuna ta yi ta zuba da karin harshen yankin, Schwäbisch, ban tsinci komai ba sai "Grüß Gott", gaisuwar mutanen kudu. Iyayen yaran sukan daure su yi mini Jamusancin littafi a hankali, amma da zarar sun juya ga junansu sai harshen ya koma na gado.

A ranar kuma matar gidan ta ce in kira ta da sunanta na yanka, mijin ma haka. Matar da ta ba ni shekara goma sha! Bakina ya daɗe yana nauyi, sai in yi ta kewaye-kewaye, in jira mu haɗa ido kafin in yi magana.

Amma inda aka fi samun saɓanin tarbiyya shi ne wajen abinci. Ƙarfe shida na yamma aka kira ni teburi. Babu tukunya a wuta, babu ƙamshin miya. Burodi ne mai duhu, mai nauyi da ɗan tsami, da cuku, da man shanu, da yankakkiyar kokwamba, da siraran yankan nama mai sanyi. Abincin daren kenan, Abendbrot, kuma a gidaje da yawa haka yake kusan kullum. Na ci yanka biyu ina jiran a kawo na gaske. Matar gidan ta ce, "Za ki ƙara?" Na ce a'a, na gode, kamar yadda duk 'yar da ta samu tarbiyya za ta ce a gidan da ta je baƙunta, tana jiran a matsa mata. Ba wanda ya matsa. Aka rufe cuku aka mayar firji, aka goge teburi.

Kada a ɗauka rowa ce. Mutanen nan maganarki suke ɗauka yadda kika faɗe ta. In kin ce kin ƙoshi, kin ƙoshi. A ganinsu tilasta wa babban mutum abinci raini ne. Haka in an tambaye ki ko ɗakinki da sanyi kika ce babu komai, to babu komai, ba wanda zai kawo miki ƙarin bargo. Wata 'yar ajinmu a makarantar yare, 'yar Jojiya, ta ce mini tun farko, "Buɗe firji ki ɗauka, don haka aka ajiye shi." Ta fi ni gaskiya.

Batun naman alade ne kaɗai ban yi wa kara ba, tun kafin in taso na rubuta musu. Sun karɓa ba tare da wata fuska ba, har suka ware mini gefe a firji. Sai dai aladen Jamus ba ya zuwa da kamanninsa: yana cikin yawancin tsiran da suke kira Wurst, yana iya ɓuya cikin Maultaschen, abincin da mutanen yankin ke tinƙaho da shi, har alewar yara mai danƙo akan yi ta da sinadarin da aka samo daga gare shi. Kalmar Schwein na fara koyon nema a bayan kwali. Nama kuwa sai shagon Turkawa, inda na samu har da kuɓewa da barkono mai ɗan yaji.

Yaran biyu ne, namiji ɗan shekara shida da ƙanwarsa 'yar uku. Tun shekarar 2000 dokar Jamus ta haramta dukan yaro, ko da iyayensa ne, balle ke. Ba duka, ba tsawa mai firgitarwa, ba "bari babanka ya dawo". To yaya za ki yi da 'yar shekara uku da ta kwanta a ƙasa ta ce ba za ta sa takalmi ba, ga lokacin kai ta Kita, gidan rainon yara, yana ƙurewa? Uwar ta nuna mini. Ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na yarinyar, ta ɗaga takalma biyu ta ce, "Ja ko shuɗi?" Yarinya ta shiga zaɓe, ta manta da cewa rigimar a kan sawa ce. Yayan ya fi wuya. Ya kafe ni da ido ya ce, "Ke ba mamata ba ce." Na ce gaskiya ne, amma ni zan raka ka makaranta, ga jakarka. Har gobe ina ganin shawara da ɗan yaye ta yi yawa a ƙasar nan, sai dai ban taɓa ganin yaran sun ɓoye wa iyayensu wani abu don tsoro ba.

Kuma kullum sai an fita da su, ko ana ruwa. Akwai wandon roba da takalmin roba na musamman don shiga taɓo.

Sauran dokokin gida a hankali suke shiga jiki. Shara kashi-kashi ce: takarda daban, ragowar abinci daban, robobi da gwangwani a jaka mai ruwan ɗorawa, kwalabe kuma sai an raba su bisa launi. Gorar ruwa ta roba ba a yar da ita, a shago ake mayarwa inji ya ba ki santi 25. Ranar Lahadi shaguna a rufe. Safe da yamma a wangale tagogi iska ta shiga, ko da sanyin na yanka ƙashi. A watan Disamba rana kan faɗi wajen huɗu da rabi, sai ki ga Azahar da La'asar da Magariba sun matsu wuri guda, daidai lokacin ɗauko yara. Cikin mako biyu da sauka dole ki je ofishin gari ki yi rajistar adireshi da takardar shaidar mai gida, sannan ki nemi ranar ganin hukumar baƙi.

Abin da ya fi buƙatar buɗe baki shi ne lissafin awoyi. Inda kike kwana nan kike aiki, yaro kuma bai san an tashi ba. Zai ƙwanƙwasa ƙofarki ranar hutunki da littafi a hannu. Akwai kuma gidajen da 'yar aiki mai araha suke nema, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, a nan gwaggona ba ta yi kuskure ba. Shi ya sa fasfonki ya zauna a hannunki, kwafin yarjejeniya ma haka, kuma ki sani kowane ɓangare na iya warware ta da sanarwar mako biyu.

Ni da na ga rainon dare ya fara hawa kan awoyina, na rubuta su a takarda, na yi ta juya maganar a raina kafin in tunkari matar gidan, gabana na faɗuwa. Ta duba, ta ƙirga da yatsa, ta ce, "Kin yi daidai, sun wuce talatin." Ta ciro alƙalami ta soke mini yammacin Juma'a a kalandar da ke manne jikin firji, ta tambaye ni ko na san jirgin ƙasan da ke zuwa masallaci a Stuttgart.