Barcin Gaiwa da Batirin Na'urar Lambu

A yankin Gwarzo da Kabo, inda madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga suke ba da damar noman rani, mai lambun tumatir kullum yana son sanin lokacin da ƙasarsa take buƙatar ruwa. Ɗaliban kimiyya suna iya haɗa 'yar na'urar da za ta sanar da shi. Akan soka tsinken auna danshi cikin ƙasa, a jona shi da ƙaramin allon lantarki mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin Arduino, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005, sannan a ƙara masa rediyon da zai aika sakamako zuwa wayar manomi. Haɗawar ba ta da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne wuta, domin ba a kai lantarki lambu ba.

Abin da ɗalibi yakan fara sayowa shi ne batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9. Ana auna cikin batir da miliamfiya-awa, wato yawan wutar da yake bayarwa a ninka da awoyin da zai jure. Wannan batir yana da kimanin 500, allon Arduino Uno kuwa yana shan kusan miliamfiya 50 ko da ba ya aikin komai. In aka raba, awa 10 ke nan. Na'urar da aka kafa da hantsi ba za ta kai asuba ba.

Rediyon ma da nasa halin. Samfurin SIM800L, mai aiki da layin wayar salula, yana buƙatar bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma yayin aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido. Ƙaramin batir ba ya iya ba da wannan, sai ƙarfinsa ya faɗi, na'urar ta mutu ta sake tashi. Sau da yawa ɗalibi yakan ɓata kwanaki yana neman kuskure a umarnin da ya rubuta, alhali laifin na batir ne. Abin da ya dace shi ne batirin litiyam mai lamba 18650, irin na cikin tsofaffin kwamfutocin cinya, mai bolt 3.7 da kimanin miliamfiya-awa 2,500, tare da babbar kwandansa dab da rediyon don ta tallafa lokacin fizgar.

Duk da haka babban batir kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne ilimin halittu yake da abin cewa. Idan fadama ta ƙafe, gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska ta ɗan rami. Bugun zuciyarta da ƙona abincin jikinta suna raguwa ƙwarai, da haka take kaiwa damina ba ci ba sha. Injiniyoyi sun sa wa na'urori irin wannan dabara. Ƙwaƙwalwar ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shangai ya fitar a 2016, idan ta shiga barci mai nauyi wutar da take sha ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na miliamfiya ba, sai ɗan agogonta da ke ƙirga lokacin farkawa.

A ƙaddara na'ura tana shan miliamfiya 120 in tana farke. Ba barci, batirin 2,500 zai ƙare cikin awa 21. Amma in tana farkawa daƙiƙa 30 kawai a kowace awa, ta auna, ta aika, ta kashe rediyo ta koma barci, matsakaicin shanta ya zama miliamfiya 1. Awa 2,500 ke nan, fiye da wata uku, kusan tsawon zaman tumatir a lambu daga dashe zuwa tsinka.

Sai dai akwai ɓarayin wuta da ba sa barci. 'Yar fitilar da ke kan allo tana sha, haka ma abin daidaita ƙarfin wuta samfurin AMS1117, wanda shi kaɗai yake cin kimanin miliamfiya 5 dare da rana. Wannan ya isa ya mayar da wata uku zuwa kwana 17. Don haka ya kamata malami ya sa ɗalibai su auna wutar da na'urarsu take sha da mita tana cikin barci, kafin a fita da ita.

Litiyam kuma ba ya son wulaƙanci. Kada a bar shi ya sauka ƙasa da bolt 3, kada a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, abin da akwatin roba zai iya kaiwa a ranar Afrilu. A ajiye shi a inuwa. In an haɗa masa ɗan farantin sola, a riƙa goge ƙurar hunturu duk bayan 'yan kwanaki.