Karatun gida a Amurka: riba da asara

Tun 1993 doka ta amince iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida a duk jihohin Amurka 50, amma kowace jiha da sharaɗinta. A New York sai an miƙa wa hukumar ilimi tsarin karatun shekara, da rahoto sau huɗu. A Texas kuwa ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya.

Makarantar gwamnati kyauta ce, ta kuɗi kuma sai mai aljihu. A gida yaro na samun malami shi kaɗai, littafinsa a gefen kwanon abinci, amma galibi uwa ce ke ajiye aikinta, albashi ɗaya ya tafi ke nan. Abokan wasa ma sai an nemo masa.

Saɓanin Amurka, a Jamus dai iyayen da suka hana ɗansu zuwa makaranta tara ake cin su.