Ko Kun Sani? Idin Sigd na Yahudawan Habasha

Ko kun sani cewa Yahudawan ƙasar Habasha, waɗanda ke kiran kansu Beta Isra'ila, suna da wani idi da sauran Yahudawan duniya ba su gada ba? Sunansa Sigd, ana kuwa yin sa kwana 50 bayan Yom Kippur, ranar babban azuminsu na neman gafara, wato 29 ga watansu na Heshwan, wanda galibi yakan faɗo cikin Nuwamba.

A dā, a ƙauyukan lardin Gondar, jama'a sukan yi tsarki tun da asuba, su sa fararen tufafi, su ɗauki azumi, sa'an nan su hau dutse a bayan limamansu, waɗanda ke ɗauke da Attaura rubutacciya da harshen Ge'ez a ƙarƙashin laimomi masu ado, domin su sabunta alkawarin da aka ƙulla a Dutsen Sina'i, su kuma roƙi Ubangiji ya mai da su Baitul Muƙaddas. Wasu, abin da ke taɓa zuciya ƙwarai, har duwatsu sukan aza a kai alamar tawali'u. In rana ta raba sai a sauko a buɗe baki, a ci, a sha, a yi rawa da waƙa.

Bayan ƙaurarsu zuwa Isra'ila, wasu ta hanyar Sudan a 1984, wasu kuma daga Addis Ababa a 1991, sai taron ya koma birnin Ƙudus, a shekarar 2008 kuwa majalisar ƙasar ta shigar da shi cikin idodin hukuma.