Masu Gidajen Haya a Kaduna da Batun Rasit

Duk mai gidan haya a Kawo ko Unguwar Rimi ko Badarawa ya san aikin ba karɓar kuɗi kaɗai ba ne. Damina ta zo kwano ya yi yoyo, masai ya cika, famfon rijiyar burtsatse ya ƙone, ga sasanci tsakanin 'yan haya kan kuɗin wuta. Shin mai haraji yana lissafa wannan ɗawainiya?

A Amurka yana lissafawa. Wanda ke son hukumar harajin ƙasar, IRS, ta ɗauke shi a matsayin mai sana'ar gidaje, har ya cire asarar haya daga sauran kuɗin shigarsa, sai ya nuna ya shafe fiye da awa 750 a shekara a kan aikin. Shi ya sa suke rubuta kowace ziyara da kowane kiran waya.

Nan gida ba haka abin yake ba. Hukumar harajin jihar Kaduna, KADIRS, ba ta tambayar awa nawa mutum ya yi tsaye a kan birkila. Abin da ya fita daga aljihunsa domin gidan take dubawa. Kuɗin gyara da ladan dillali da na lauyan da ya rubuta yarjejeniya duk ana iya cire su kafin a yanka haraji, in akwai shaida. To, a nan gizo ke saƙar. Kafintanmu ba ya ba da rasit, mu ma ba ma nema, domin muna ganin neman takarda kamar rashin yarda ne. Wannan kunya tana cin dukiyar mutane, musamman zawarawa da 'yan fansho da gidan ne kaɗai abincinsu.

Lamarin ya ƙara nauyi tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar haraji a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairun 2026. Ta ba ɗan haya rangwamen cire kashi 20 cikin ɗari na hayarsa ta shekara daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji, iyakarsa naira 500,000. Ma'aikacin da ke neman rangwamen dole ya bayyana abin da yake biya, ke nan kuɗin da mai gida ya karɓa zai isa gaban hukuma ta bakin wani. Abin da ya kashe kuwa babu mai faɗa wa hukuma.

Domin samun shaida, littafi ɗaya ga kowane gida ya wadatar: rana, aikin da aka yi, sunan mai aikin da sa hannunsa. In ta banki aka biya, a rubuta dalilin biyan a jikin tiransifa. Ranar 31 ga Maris ce wa'adin miƙa bayanan shekarar da ta gabata.